Kwandon Da Aka Buɗe Sau Huɗu

A wata unguwa cikin garin Daura akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ita ce 'yar fari a gidansu, don haka mahaifiyarta ba ta kiran sunanta. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma tana ce mata Inna.

Mahaifin yarinyar ya rasu shekara biyu da suka wuce. Tun daga nan Inna take suyar ƙosai a ƙofar gida, safe da yamma. Hayaƙin itace ya shige mata ƙirji. Tari ya kama ta, ya ƙi saki.

Da aka kai ta asibiti, likita ya duba ta, ya ce, "Baiwar Allah, ki rabu da hayaƙi. In kika koma gaban murhu, ƙirjin nan ba zai ɗauka ba."

Inna ta ce, "To likita, me za mu ci?"

Likita ya jawo takarda. Ya rubuta magani ya miƙa mata.

Inna ta kife kaskon ƙosai a bayan ɗaki. Ta koyi ɗinkin kwandon dahuwa a wajen wata ƙawarta.

Kwandon dahuwa babban kwando ne. Ana shimfiɗa auduga mai kauri a cikinsa, a ɗinke da atamfa. Yana da matashi da ake rufe shi da shi, da igiyar ɗaure baki. In tukunya ta tafasa sosai, sai a sauke ta, a saka a ciki, a ɗaure. Zafin da ke cikin tukunyar ba shi da hanyar fita. Shi zai ƙarasa dafa abincin, ba wuta, ba hayaƙi.

Amma mata ba sa sayen abin da ba su gani ba. In aka ce musu kwando yana dafa wake, dariya suke yi. Dole sai an tara su a gida ɗaya, an dafa a gabansu, sun sa hannu, sun ɗanɗana.

Wata maƙwabciya mai suna Yelwa ta yarda a yi a gidanta ranar Asabar. Ta gayyaci mata goma sha biyar. Ta ce ita za ta ba da shinkafa da wake, abincin darensu ke nan. Har ƙanwarta za ta zo daga Sandamu. In abin ya yi mata, ita ma za ta tara matan can.

Ranar Juma'a tarin Inna ya tashi. Da gari ya waye ranar Asabar, muryarta ta dishe. Ko tsayuwa da kyar take yi.

Yarinyar ta ce, "Inna, ni zan je."

Inna ta dube ta. Ba ta da wani zaɓi. Ta jawo ta kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ke, saurara. Matan nan ba su da lokaci. Bayan Azahar za su fito. Da an kira La'asar za su watse, kowa ta je ta ɗora tuwo. Awa biyu ke nan, ba ƙari."

"To, Inna."

"Da kin isa, ki ɗora wake. Kada ki jira kowa. Ya yi minti ashirin yana tafasa da 'yar kanwa. Ki zuba shinkafa, ki ba ta minti goma. Sai ki sa a kwando. Awa ɗaya cur ba a buɗewa."

"Na sani, Inna. Sau nawa na ga kina yi?"

"Gani daban, yi daban. Ungo wayata, ki riƙa duba lokaci."

Ƙarfe biyu yarinyar ta isa gidan Yelwa da kwando a ka. Mata takwas suna zaune a tabarma. Ta gaishe su, ta nufi murhu, ta fara jera itace.

Yelwa ta ce, "Dakata, 'yar nan. Iya Kande ba ta iso ba. A unguwar nan ba a fara abu in ba ta nan."

Iya Kande ita ce tsohuwar ungozomar unguwa. Ita ta yanke cibiyar rabin yaran wurin, har da ta yarinyar. Ba wanda yake tsallake maganarta.

Yarinyar ta tuna abin da Inna ta ce. Ta buɗe baki, sai kunya ta rufe shi.

Ta ce, "To, Gwaggo."

Ta zauna. Aka yi hirar tsadar itace. Aka yi hirar wani suna da za a yi jibi. Waken yana jiƙe a kwano, ba wanda ya taɓa shi.

Sai ƙarfe biyu da rabi Iya Kande ta shigo, tana dogara sanda. Aka shiga gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya ƙafa, ya jikoki. Kowace mace sai da ta gaishe ta daban. Sannan Iya Kande ta juyo.

"Ke ce 'yar Hadiyya? Ya jikin uwar taki?"

"Da sauƙi, Iya."

"To, nuna mana wannan abin mamaki."

Lokacin da wuta ta kama, yarinyar ta duba waya. Uku saura ashirin.

Ta ce a ranta, "Zan rage lokacin wuta. Ai kwando zai ƙarasa."

Matan suka taso, kowa tana son sa hannu. Wata ta ce shinkafar ba ta wanku ba, ta sake wankewa. Wata ta ce kanwar ta yi kaɗan. Wata ta ce ta yi yawa. Yarinyar ba ta iya tsayar da kowa ba.

Minti goma kawai wake ya yi yana tafasa. Ta zuba shinkafa. Tana sake tafasowa ta sauke. Ta sa tukunyar a kwando, ta danna matashi, ta ɗaure igiya. Ƙarfe uku da minti goma.

Daga nan ba ta tanadi komai ba. Matan suka koma tabarma. Ba abin yi, ba abin kallo sai kwando. Ido ashirin da wani abu suka tsaya a kansa.

Ba a yi minti goma ba, Iya Kande ta nuna shi da sanda.

"Buɗe in gani. Yana tafasa a ciki ne?"

Yarinyar ta san amsar da ta dace. Amma wadda ta yanke mata cibiya ce take magana. Ta kwance igiya, ta ɗaga matashi, ta ɗaga murfi.

Tururi ya tashi fari fat.

Matan suka ce, "Kai! Ba wuta fa! Ikon Allah!"

Yarinyar ta ji daɗin wannan "kai". Ba a taɓa yi mata irinsa ba. Ta mayar da murfi, ta ɗaure.

Can sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Ƙanwar Yelwa ce daga Sandamu. Ta shigo tana karkaɗe ƙura daga mayafi.

"Af, har an gama? Ni ban ga komai ba."

Yarinyar ta sake buɗewa. Tururi ya tashi, matan suka sake cewa kai.

Wasu mata biyu suka shigo a makare. Su ma aka buɗe musu.

Na huɗun ba wanda ya roƙe ta. Hira ce ta koma kan sunan jibi, aka manta da ita. Tana son a sake kallonta. Ta ce, "Ku duba, har yanzu da zafi," ta ɗaga murfi.

Ɗan tururi ya fito, siriri, ya ɓace. Ba wadda ta ce kai.

Aka kira La'asar. Mata suka fara gyara mayafi.

Yelwa ta ce, "To 'yar nan, zuba mana mu ɗanɗana. Mutane za su tafi."

Yarinyar ta sa ludayi. Tun a hannu ta ji abin da ya faru. Ruwa yana kwance a ƙasan tukunya. Ta zuba a faranti, ta miƙa wa Iya Kande, don ita ce babba.

Iya Kande ta kai loma ɗaya baki. Ta tauna sau ɗaya. Ta tofar a tafin hannu.

"Haƙora huɗu suka rage mini a duniya. So kike ki tafi da ɗaya?"

Wasu suka yi dariya. Wata ta matsa ƙwayar wake da yatsa, ta ƙi fashewa.

"Wannan ai tsakuwa ce."

"Dama na faɗa. Yaushe kwando ya zama murhu?"

Matar Sandamu ta ɗaura mayafinta. Ta ce, "Rana na biyo tun daga Sandamu don in ga kwando ya jiƙa wake. Yaya, sai wani jiƙon."

Cikin minti biyar tsakar gida ta zama wayam.

Yelwa ba ta yi faɗa ba. Ta ciro tukunyar, ta mayar kan murhu. Ta ɗauko sauran itacen da ta yi niyyar ajiyewa don gobe, ta hura wuta. 'Ya'yanta ƙanana suna tsaye da kwanoni a hannu, suna kallo.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗauki kwandonki. Ki gaida Innarki."

A gida Inna tana zaune a bakin ƙofa, tana jira.

"Yaya?"

"Bai dahu ba, Inna."

"Bai dahu ba? Kin bi yadda na ce?"

Yarinyar ta kalli ƙasa. Ta ce, "E."

Kalma ɗaya ce, gajera. Ta fita da sauƙi.

Inna ta jawo kwandon. Ta shafa cikinsa, ta matsa gefe-gefe. Ta ɗauko reza, ta fara farke ɗinkin da ta yi kwana uku tana yi. Ta zaro audugar tana dubawa.

"Ko audugar ce ta yi kaɗan? Ko ɗinkin ne ya bar iska? Laifina ne. Na tura ki da abin da bai yi ba."

Yarinyar ta bar ta tana farkewa. Washegari Inna ta farke kwando na biyu.

Labari ya zaga unguwa. Mata uku da suka ce suna so, suka aiko cewa sun fasa. Matar Sandamu ta aiko cewa kada a zo. In yarinyar ta je ɗiban ruwa, yara suna binta suna cewa, "Ga mai dafa tsakuwa!"

Ranar Laraba da safe ta fito da jakar makaranta. Ta tarar Inna ta tayar da kaskon ƙosai. Ta wanke shi, ta ɗora a murhu. Itacen ɗanye ne. Hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida.

"Inna, likita ya ce..."

"Na ji abin da likita ya ce. Wuce makaranta."

Inna ta duƙa ta hura wutar. Tari ya sarƙe ta. Ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙirji. Yarinyar ta kama hanya. Har ta sha kwana tana jin tarin a bayanta.

A aji, Malama Amatullah ta yi mata tambaya sau biyu, ba ta ji ba. Da aka fita hutun tara, Malama ta ce ta tsaya.

"Kwana uku ke nan jikinki ne kawai a aji. Me ya faru?"

Yarinyar ta ɗago kai. Sai hawaye. Daga nan ta faɗi komai, tun daga jiran Iya Kande har zuwa kaskon ƙosai.

Malama ta saurara har ƙarshe. Ta jawo filas ɗin shayinta da ke kan tebur.

"Tun asuba na zuba shayin nan. Har yanzu da zafi. Me ya sa?"

"Don a rufe yake."

"In na riƙa buɗewa ina nuna wa kowa zafinsa fa?"

"Zai huce."

"Sau nawa kika buɗe kwandon?"

"Sau huɗu, Malama."

"Duk roƙonki aka yi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na huɗun ni na buɗe da kaina."

Malama ta gyaɗa kai. Ta ɗauko alli ta miƙa mata.

"Je allo. Ƙarfe nawa matan suke watsewa?"

"Huɗu."

"Rubuta. Daga ƙarshe ake fara lissafin lokaci. Minti nawa suke bukata su ci, su yi tambaya?"

"Kamar ashirin da biyar."

"To yaushe za a buɗe kwando?"

Yarinyar ta ƙirga. "Huɗu saura ashirin da biyar."

"Cire awa ɗaya ta kwando. Cire rabin awa ta wuta. Cire minti biyar kafin ruwa ya tafasa."

Ta cire, ta cire. Allin ya tsaya a kan ƙarfe biyu daidai.

Malama ta ce, "Kin gani? Tun lokacin da kika zauna jira, waken ya riga ya lalace. Sauran duk ƙari ne."

"Amma Malama, ba zan iya ce wa Iya Kande a'a ba."

"Ban ce ki yi mata rashin kunya ba. Girmama babba daban, barin aiki ya lalace daban. Akwai hanyar haɗa su. Ki yi tunani, za ki samo." Ta karɓi allin. "Amma ba wannan ne babban kuskurenki ba. Kin san shi."

"Na sani, Malama."

"To da shi za ki fara."

Da ta koma gida, ta tarar Inna tana wanke kasko. Idanunta sun yi ja. Yarinyar ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ƙarya na yi miki. Kwandon lafiyarsa ƙalau. Ni ce na yi jira. Na rage lokacin wuta. Na buɗe shi sau huɗu."

Inna ta daina wanki. Ta ɗago ta dube ta.

"Kwando biyu na farke saboda 'e' ɗinki."

"Ki yafe mini, Inna."

"Kwana huɗu ina zargin hannuna. Da kin faɗa tun ranar, da tuni mun san abin yi." Ta yi tari, ta share baki. "Na yafe miki. Amma ba ni kaɗai kika ɓata wa ba. Yaran Yelwa sai bayan Isha suka ci abinci. Tashi ki je."

Yarinyar ta je gidan Yelwa, ta faɗi gaskiya, ta ba da haƙuri.

Yelwa ta ce, "Ashe haka ne? Ai da kin ce mini wake ba ya jira, da na bar ki kin ɗora. Ni ban sani ba."

Yarinyar ta ji abin ya soke ta. Ashe magana ɗaya cikin ladabi da ta isa.

A hanyar gidan Iya Kande ne dabara ta zo mata. Ta yi sallama, ta durƙusa.

Iya Kande ta ce, "A'a, mai tsakuwa ce? Kin zo ƙarasa haƙoran?"

"Iya, haƙuri na zo bayarwa. Kwandon ba shi da laifi. Ba a buɗe shi sai ya yi awa ɗaya. Na sani, ban faɗa ba."

"Ni na ce ki buɗe ai."

"Ba ki sani ba, Iya. Ni na sani."

Tsohuwar ta ƙura mata ido. "To me kike so?"

"Alfarma biyu. A sake yi ranar Asabar, a nan gidanki. Sannan ke za ki ɗaure kwandon da hannunki. Ba mai kwancewa sai ke."

"In ya sake zama tsakuwa fa?"

"Ni zan cinye shi duka a gabanki."

Iya Kande ta yi dariya har haƙoranta huɗu suka bayyana. "Ko don in ga wannan, na yarda."

Kwana biyu yarinyar tana taya Inna mayar da auduga da ɗinki. Ta rubuta lokutan nan a takarda, ta haddace.

Ranar Asabar ta isa gidan Iya Kande tun kafin Azahar, da kwando biyu. Ta jera itace. Ta wanke shinkafa. Ta ajiye albasa, tumatir, barkono da man gyaɗa, kowanne a kwanonsa. Inna ma ta zo, ta zauna can nesa da murhu.

Ƙarfe biyu mata uku kawai suka zo. Yarinyar ta dubi Iya Kande.

"Iya, in kunna?"

"Bisimilla."

Ba wadda za ta ce a jira. Wadda ake jira tana zaune.

Mata suka riƙa shigowa ɗai-ɗai. Da yawa dariya suka zo yi. Yarinyar tana amsa gaisuwa, hannunta yana aiki. Wake ya yi minti ashirin cif. Shinkafa ta yi goma. Ta sauke tukunyar tana ɓararraka, ta sa a kwando, ta danna matashi.

Iya Kande ta karɓi igiya. Ta zagaya, ta ja, ta ƙulle.

Ta ce, "Wannan ɗaurin da nake yi wa cibiya ne. Shekara hamsin, bai taɓa kwancewa kafin lokacinsa ba."

Ta ɗora sandarta a kan kwandon, ta zauna a gefensa.

Yarinyar ba ta bar matan sun zauna haka nan ba.

"Gwaggo Yelwa, don Allah ki yanka mana albasa. Yaya, ga turmi, ki daka mana yaji. Gwaggo, ki soya man a sauran garwashin nan kafin ya mutu."

Tsakar gida ta cika da ƙarar taɓarya da hira. Ba mai kallon kwando.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci sai ga babur. Matar Sandamu ce, Yelwa ta lallashe ta ta dawo. Ta shigo ta miƙa hannu wajen igiya.

"Mu ga abin da ke ciki yau."

Yarinyar ta tare ta da kwando na biyu, wanda ba komai a cikinsa.

"Sannu da hanya, Gwaggo. Ga irinsa, ki duba yadda kike so. Wancan sai huɗu saura ashirin da biyar."

Matar ta kalli sandar Iya Kande. Ta janye hannu. Ta karɓi kwandon, ta shiga matsa audugar tana tambaya. Inna tana ba ta amsa a hankali.

Saura minti goma sha biyar, aiki ya ƙare. Yaji ya daku, mai ya soyu. Wuri ya yi shiru. Iya Kande ta kara kunne a jikin kwandon. Ta shafa shi. Ba ƙara, ba zafi a waje.

Ta ce, "'Yar nan, abin nan shiru yake kamar kabari. Ko mu ɗan leƙa? Kaɗan kawai."

Kowa ya juyo. Yarinyar ta kalli Inna. Inna tana dafe da ƙirji.

Yarinyar ta durƙusa.

"Iya, ki yi haƙuri. Saura minti goma sha biyar. Ɗaurinki ne, kin ce bai taɓa kwancewa kafin lokacinsa ba. Kada yau ta zama ta farko."



Sai Iya Kande ta tuntsure da dariya. "Kun ji 'yar banza! Da bakina ta ɗaure ni." Ta mayar da sanda kan kwando. "Duk wadda ta matso, ta sha sanda."

Wayar Inna ta yi ƙara a daidai lokacin da aka sa mata. Iya Kande ta kwance igiya. Yarinyar ta ɗaga matashi. Hannun tukunyar ya ƙona ta, sai da ta sa tsumma. Ta ɗaga murfi.

Tururi ya tashi har saman kai. Ƙamshi ya cika gida.

Ta zuba, ta sa mai da yaji, ta miƙa wa Iya Kande. Tsohuwar ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya, ta matsa da yatsa. Ta narke. Ta kai loma baki, ta tauna, ta haɗiye. Ta sake kai wata.

Yelwa ta ce, "Iya, ba ki ce komai ba."

"Ba a magana ana cin abinci. Ƙaro mini."

Aka yi dariya. Kowa ta ci, kowa ta yi tambaya. Wata ta ƙirga itacen da ya rage a gefen murhu, ta riƙe baki. Ana kiran La'asar an gama komai, har an wanke faranti.

Matar Sandamu ta tafi da kwandon da ke hannunta. A bakin ƙofa ta ce wa Inna, "Asabar mai zuwa ina jiranku. Ki zo da yarinyar nan. Ni ma in sha Allahu ba zan makara ba, tunda a gidana ne."

Da suka koma gida, Inna ta ɗauki kaskon ƙosai. Ta kai shi bayan ɗaki, ta kife, ta ɗora dutse a kai. Bai sake tashi ba. Daga Sandamu aka kira su zuwa garin Zango. Kafin damina, tarin Inna ya yi sauƙi, muryarta ta dawo.

Ranar Litinin Malama Amatullah ta tambayi yarinyar abin da ta koya.

Ta ce, "Aikin da ya fi cin lokaci, da shi ake farawa. Abin da aka ce a jira, a jira shi. In babba bai san abu ba, a gaya masa cikin ladabi, kada a yi shiru aiki ya lalace."

"Shi ke nan?"

"In na yi kuskure, in faɗa tun ranar. Waken da bai dahu ba an mayar da shi wuta ya dahu. Ƙaryar da na yi ce ta mayar da Inna cikin hayaƙi."

Malama ta ce, "Je ki zauna. Yau kin zo aji gaba ɗayanki."